A Yi Wa Tsohuwar Jif Lissafin Tirela

Duk wanda ya san Potiskum ya san garin masu tirela ne. Ko ta hanyar Azare ka shigo ko ta Damaturu, kafin ka kai tsakiyar gari za ka yi ta wuce gingimari jere a bakin titi, wasu an ɗage musu kai ana gyara, wasu suna jiran lodin shanun ranar Laraba da za a gangara da su Kudu. Mai tirela a garin nan ba ya wasa da lissafi. Tambaye shi dizal nawa motarsa za ta sha zuwa Legas da dawowa, zai faɗa maka bai ko duba takarda ba. Ya san sawu nawa taya take yi kafin ta suɗe, ya san ranar juye, ya san na direba da na karen mota da na kan hanya. In lodi ba zai fid da kuɗinsa ba, motar nan ba za ta motsa daga inda take ba.

Amma wannan Alhajin dai, ranar da zai sayi motar hawansa, sai ya bar alƙalamin a gida. Ya ga tsohuwar jif an wanke ta tana ƙyalli, dillali ya ce masa kuɗinta bai kai na Corolla mai ƙananan shekaru ba, shi ke nan zuciya ta tafi. Ba Alhaji kaɗai ba. Ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, da ɗan siyasar da aka bai wa ƙaramin muƙami, da malamin makaranta irina, duk a rami ɗaya muke faɗawa. Ba ma tsayawa mu tambayi kanmu dalilin da ya sa motar da aka saya da tsadar gaske tana sabuwa yau ta dawo araha haka. Kasuwa ba ta da wauta. Masu sayarwa sun riga sun ɗanɗana, shi ya sa suka sassauta. Kuɗin da ka bai wa dillali kafin alƙalami ne kawai, sauran bashin kuwa wata-wata za ka riƙa biya, a gidan mai da gareji.

Mu fara da abin da ba a iya ɓoyewa. Prado ƙirar 2002 zuwa 2009, da 'yar uwarta Lexus GX470, tankinsu yana cin lita 87, wasu Pradon ma da tanki na biyu suke zuwa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba, wato da kusan naira 17,000 ka cika tanki har ya yi amai. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Cikon tanki ɗaya ya wuce naira 87,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin shekarar naira 70,000 ne. Injin mai silinda takwas da ya kwana biyu, a cikin gari da sanyin mota a kunne, da ƙyar yake yin kilomita 5 zuwa 6 a lita guda. Daga nan zuwa Kano kusan kilomita 300 ne. Zuwa da dawowa, jif za ta lashe abin da ya kusa lita 90, ƙaramar mota kuma ta je ta dawo da rabin haka. Wannan kuwa lafiyarta lau ke nan, ba ta yi ko tari ba.

Sannan komai nata ninki ne. Juyen ƙaramar mota lita 4 na baƙin mai ya isa, babbar jif sai ta sha fiye da 6. Fulogi takwas ko shida maimakon huɗu. Wuraren da ke son nasu man daban su ma sun ƙaru: giyabos, aksul na gaba, aksul na baya, da akwatin nan da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, wanda makanikanmu ke kira ogzilari. Taya guda mai lamba 265/65 R17 takan ci kuɗin ƙananan tayoyi biyu, wani lokaci har da ɗoriya. Duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta kuma haura 1,500 a farkon 2024. Motar ta tsufa, kuɗinta ya faɗi, amma kayan gyaranta ba su san ta tsufa ba.

Ni ma na sha wannan ruwan, ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya na sayi wata mai silinda shida, baƙa wuluk, kujerun fata. Dillalin ya rantse mini cewa wata Hajiya ce take hawanta, daga gida sai unguwa, ba ta taɓa taka daji ba. (Ban san yawan jif ɗin da Hajiyar nan ta hau a rayuwarta ba, domin kusan duk wanda na sani daga hannunta ya saya.) Wata uku ina jin daɗi, masu gadi suna ɗaga mini hannu tun daga nesa. Ran nan a watan Afrilu, da azahar, ina dawowa daga Azare, rana kamar ta sauko ƙasa, sai na ga allurar zafi ta fara hawa. Na ce bari in lallaɓa, ai gida ya kusa. Wannan lallaɓawar ce ta kashe ni. Kafin in ankara tururi ya turnuƙe gaban motar, inji ya yi wani irin kuka ya mutu. Na tsaya a gefen titi ina yage ledojin fiya wata da haƙori ina ɗura wa lagireto, shi kuma yana maido mini da shi.

Washegari a gareji, ƙarƙashin bishiyar maina, makaniken bai ce komai ba. Ya buɗe murfin baƙin mai, ya lakato da yatsa ya miƙo mini. Abin da na gani kamar shayin da aka cika wa madara.

"Malam, ruwa ya auri mai," in ji shi. "Gasket ya ƙone. Allah ya sa kan injin bai lanƙwashe ba."

Ya lanƙwashe. Da aka kwance, sai tarihin motar ya fito fili kamar an buɗe littafi. Babu tamostat, wani ya cire tun tuni. Cikin lagireto ya toshe da tsatsa ja kamar jar ƙasa. Da yaron garejin ya shiga ƙarƙashi sai ya leƙo yana dariya: "Oga, ai babu farfelar gaba ma." Wato wata uku ina ɗaukar nauyin mota mai ƙafa huɗu, ina biya mata man ƙafa huɗu, ashe da biyu take tafiya.

Zan daɗe a kan maganar zafi, domin a ƙasarmu shi ne ajalin yawancin injina, kuma yawanci da hannunmu muke jawo shi. Akwai wata fatawa da ta yi ƙarfi a garejinmu, cewa tamostat na ƙasar sanyi ne, da mota ta iso a cire a jefar. Masu faɗar haka ba mugunta suke ba, sun ga tsohon tamostat ya maƙale ya dafa inji, sai suka yanke hukunci a kan dukkan danginsa. Amma motocin da ake kaiwa Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma can ba ƙanƙara ake yi ba. Aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80 da 'yan kai. In babu shi, da safiyar hunturu inji ba ya ɗumama da wuri, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu sanyi ake, ta yi ta antaya fetur. A injina da yawa kuma shi ne ke rufe wata 'yar gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji bai ratsa lagireto ba. Ka cire shi, wani kason ruwan ya riƙa zagayawa da zafinsa. Maganin tamostat da ya lalace sabon tamostat ne.

Sai ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ke kamawa. Haka yake yi a cikin siraran bututun lagireto, ga tsatsa kuma tana cin famfon ruwa. Ruwan sanyaya inji na ainihi, kore ko ja, yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. Kuɗin galan biyu nasa da sabon murfin lagireto bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe a kan injin nan ba. Lagireton da ya shekara goma sha, robar samansa ta gama gasuwa, jira kawai take. Haɗa da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, wadda yara ke bugawa a jikin taya su mayar, da fetur ɗin 'yan bumburutu da ba ka san me aka gauraya ba, za ka ga injin da ya kai shekara ashirin a nan ya cancanci a jinjina masa. Kai, ko a gidan mai ba a tsira ba: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, hukuma da kanta ta amsa.

Wasu cututtukan kuma da su motar ta iso. Da yawa daga cikin jif ɗin da muke kira 'yan Kwatano daga Amurka suka taso, ko da yake a farkon 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. A jihohinsu na arewa gishiri ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuma ƙarfen ƙarƙashin mota yake ci. Abin ya kai a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasantawar kusan dala biliyan 3.4 a kan tsatsar ƙashin bayan Tacoma da Tundra da Sequoia. Fenti a sama, ruɓa a ƙasa. Akwai waɗanda ambaliya ta shanye, kamfanin inshora ya yi gwanjonsu, aka busar aka loda a jirgi. Irin waɗannan wayarinsu ba ya ƙarewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta kama kanta da tsakar dare. Mitar Amurka kuma mil take ƙirgawa. In ka ga 200,000, kilomita 320,000 ke nan, in ma ba a mayar da ita baya ba.

Kowace ƙira da inda take ciwo. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 an san su da fashewar bututu a cikin lagireto, ruwa ya shiga man giya ya kashe giyabos, har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton a Amurka. Injin 4.7 na Land Cruiser 100 da LX470 da GX470 jarumi ne, sai dai bel ɗin taimin nasa yana son canji duk wajen kilomita 145,000, ba wanda kuma zai gaya maka yaushe aka canza na ƙarshe. Kik ɗinsa ma a tsakiyar inji aka binne shi, sai an kwance sama kafin a kai gare shi. Injin dizal 1KZ na tsofaffin Prado ba ya yafe zafi, kansa tsagewa yake. Prado 90 da 4Runner na ƙarshen shekarun 1990, in bol join na ƙasa ya gaji, ƙafar gaba ce ke ficewa ana cikin tafiya. Masu balan-balan ɗin iska a madadin sifirin, irin Range Rover da Discovery da bayan GX470, ranar da robar ta tsage sai ka wayi gari motar ta durƙusa kamar raƙumi. A nan kam ina tare da makanikan da ke cire balan-balan su sa sifirin na ƙarfe. Taushin ya ragu, amma mutum ya yi barci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙafa huɗun kanta, wadda dominta aka ce an sayi motar. Prado 120 da Land Cruiser 100 kullum da ƙafa huɗu suke tafiya. Irin waɗannan suna son tayoyinsu huɗu su zama girma ɗaya, cin su ɗaya. Mu kuwa sai mu sa sabuwa guda, Beljiyam biyu masu suna daban-daban, ta huɗun kuma safaya ce da ta shekara takwas a rana. Kowace tana juyawa da nata sauri, giyar tsakiya tana ta wahalar sulhu har ta gaji. Su kuma irin Hilux da Xterra, da sai an sa musu ogzilari, ba a tafiya da shi a kan kwalta. Wanda ya manta ya bar shi daga nan zuwa Damaturu, ya ji ƙara kada ya zargi kowa. Akwai kuma kishiyar wannan: motar da ta shekara biyar ba a taɓa sa mata ogzilari ba, ranar da ta kafe a yashi a taɓa maɓalli a ji shiru, ƙaramin injin da ke sa giyar ya daskare. Farfela tana da 'yan nonuwan da ake ɗura wa giris, kuma zan iya rantsuwa yawancin masu jif a garin nan ba su taɓa ganinsu ba. In ta fara kaɗawa, maimakon a canza kurosin, sai a kwance ta a jingine a bango a ce wa mai mota an rage masa shan mai. Haka aka yi wa tawa.

Ba ina ɗora wa makanikai laifin duka ba. Garin da ke riƙe da ɗaruruwan tireloli a kan titi ba a raina hannun masu gyaransa. Akwai wanda zai saurari inji daga nesa ya gaya maka silindar da ba ta ci. Matsalar ita ce jif ɗin bayan shekarar 2000 rabinta waya ce da kwamfuta, kuma ba kowane gareji ke da na'urar karanta ciwonta ba, sai a koma canke: a canza wannan, in ba shi ba ne a canza wancan, duk a aljihunka. Mu masu motar kuma mu ne ke cewa "a lallaɓa mini, wata bai yi ba." Kayan gyara in na Toyota ne, da sauƙi a samu a gari ko a aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano kwana ɗaya. In wata ƙira ce da ba ta yawaita ba, sai an buga waya Ladipo a Legas, a jira mako, kayan su iso a ga ba lambar ba ce. Na Beljiyam kuwa caca ne, tsohon wani ka saya ka sa a tsohonka. Kwanakin da mota ta yi a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, kai kana biyan Keke Napep, mai tirela zai rubuta su a layin asara. Mai jif ba ya rubutawa.

Akwai wani harajin da ba ya cikin takardun mota. Inshorar dole ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, wannan ƙarami ne. Babban shi ne harajin gani. Mai faci ya ga jif, kuɗin iska ya canza. Ɗan uwa ya zo da takardar asibiti, ba ka isa ka ce babu ba, ga abin da ka faka a ƙofar gida. Duk bikin da za a yi a dangi motarka ce ta ɗaukar amarya, a dawo maka da ita tanki a bushe, an karya hannun ƙofa. Kallon kitse ake yi wa rogo, rogon kuma ba shi da bakin musu.

To, a daina sayenta ke nan? A'a. Jihar nan tana da wuraren da ƙaramar mota ba ta isa ba. Wanda harkarsa ke kai shi ƙauyukan Yusufari da Yunusari da Machina, ko cikin tuddan yashin Tulo-Tulo, ko wanda ke da gona a lungunan Fika da Gulani inda laka ke riƙe mota da damina, shi ƙafa huɗu ba ado ba ce a wurinsa, jari ce. Mai sayen hatsi da riɗi a kasuwannin ƙauye, da mai bin garken shanu, da ma'aikacin rigakafi, kowace lita da suka ƙona tana dawo da wani abu. Ka lura kuma da abin da mutanen yashi suke hawa. Ba mai kujerar fata da talabijin ba ce. Tsohuwar Land Cruiser 70 ce, wadda ake ƙerawa tun 1984, sau da yawa da injin dizal 1HZ mai lita 4.2 da ba ruwansa da kwamfuta, ko Hilux, giyar hannu. Irin waɗannan akori-kura ne sojojin Chadi suka kori tankokin Libiya da su a 1987, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Direban Gaidam ya san ya rage iskar taya kafin ya shiga yashi, ya san ƙarar kowane boris, yana tafe da bel da tiyo na safaya a bayan kujera. Tasa motar ta girmi tawa da shekara goma, ba ta taɓa kwana a hanya don sakaci ba.

Bambancinsa da ni shi ne lissafin tirela yake yi mata. Ya san abin da take ci a kilomita, ya san abin da take kawowa. Wanda zirga-zirgarsa daga gida ce zuwa ofis, sai Damaturu ko Kano a kan kwalta, in ya zauna ya rubuta sau nawa a shekara ya taka inda Corolla ba za ta shiga ba, zai ga bai fi sau biyu ko uku ba, kuma hayar Hilux na waɗannan ranakun bai kai kuɗin taya biyu ba. Wanda kuma lissafinsa ya nuna lallai sai ita, to kada ya kashe duk abin da ke hannunsa wajen saye. Ya rage kaso mai kauri na watan farko: lagireto, tamostat, famfon ruwa, bel, man wurare huɗun nan, tayoyi iri ɗaya masu kwanan wata na kusa. Lamba huɗun ƙarshe a gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta, karantawa ba ta ɗaukar minti ɗaya.

Tawa dai bayan ta tashi na sa ta a kasuwa. Wanda ya saya wani mai harkar hatsi ne daga wajen Gashuwa, ya zo da makanikensa tun da sanyin safiya, ya ce kada a tayar da ita kafin su iso. Bai kalli kujerun fatar ba, bai kunna rediyo ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da tocila, ya yi ta ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana. Ya fito ya buɗe lagireto ya shinshina, ya sa aka kai ta wani fili mai yashi a bayan gari, ya sa ogzilari ya cire har sau uku. Da muka zauna ciniki ya zaro ɗan littafi daga aljihun gaba, ya lissafo mini tayoyi huɗu da shokazoba biyu da bushin ɗin da zai canza, kowanne da kuɗinsa, ya zabge su daga farashina.

Na ce, "Haba Alhaji, ai ka yanke ni da yawa."

Ya ce, "Malam, ba ni na yanke ka ba. Ga shi nan a rubuce."

Na karɓi littafin na duba. Har kuɗin giris ya sa.